KAFEWAR MOTA A LAKA DA DAMINA: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Kowace shekara, da zarar ruwa ya zauna, watau daga watan Yuli zuwa Satumba, motoci su kan kafe a hanyoyin ƙauye. Motar da ta kwana a laka wataƙila taki ta ɗauko, manoma suna jira, shuka kuwa ba ta jiran kowa. Wataƙila kuma mace ce a ciki mai doguwar naƙuda, za a kai ta asibiti. Saboda haka ya kamata kowane Hakimi da malaminsa su san abin da ke kafe mota, da yadda a ke fid da ita, da kuma yadda za a hana aukuwar haka, wanda shi ya fi muhimmanci.

ƘASA IRI-IRI CE

Jigawa ta kan shanye ruwa nan da nan, har ma rairayi ya fi ɗaukar mota in ya jiƙa. Laka kuwa riƙe ruwa ta ke yi, kamar ta fadamun Haɗejiya da Nguru. Wadda ta fi tsanani ita ce baƙar lakar gabashin Borno, wajen Dikwa da Ngala, wadda a ke kira firki. Da rani ta kan tsattsage ta yi tauri, da damina kuwa ta kumbura ta yi santsi kamar sabulu.

DALILIN DA MOTA TA KE NUTSEWA

Tsakanin ƙafafu biyu da inji ya ke juyawa akwai wata na'ura wadda ta ke barin ɗaya ta fi ɗaya gudu wajen shan kwana. A cikin laka wannan na'ura ita ke kawo wahala, gama ƙafar da ta sami santsi sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar kuwa ta tsaya cik. In direba ya ƙara taka totur, ƙafar rami ta ke haƙa wa kanta, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Aikin minti goma sai ya koma na yini guda.

YADDA A KE FID DA ITA

1. Direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur da zarar ya ji taya tana juyawa ba a tafiya.
2. Fasinja su sauka, a sauke kaya masu nauyi.
3. A kwashe laka daga gaban tayoyi da bayansu da shebur, da kuma ƙarƙashin motar in ta zauna.
4. A shimfiɗa katako mai faɗi, a ɗora jak a kansa, a ɗaga ƙafar da ta nutse, a cika ramin da duwatsu ko tsakuwa ko rassan itace.
5. A rage iskar taya kaɗan domin ta ƙara faɗi, amma a mai da ita bayan an fita.
6. A sa giya ta biyu, a ba da wuta a hankali, tayoyin gaba suna miƙe. Sau da yawa komawa baya ta inda aka shigo ya fi sauƙi.

GARGAƊI

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak ya ɗaga, domin jak ya kan zame a laka. Masu turi kada su tsaya daidai bayan taya, gama ta kan harbo dutse ko katako. In tarakta ko wata mota za ta ja, a ɗaura igiya ko sarƙa a ƙugiyar da aka yi domin ja, mutane kuma su yi nisa, don igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum. In laka ta toshe salansa, kada a zauna a ciki inji yana aiki, hayaƙinsa guba ne. Ruwa mai gudu kuwa da ya kai taku biyu, kamar santimita 60, ya isa ya tafi da yawancin motoci. A jira ya janye.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Babban maƙiyin hanyar ƙasa shi ne ruwan da ya kwanta a kanta. Hanyar kirki tsakiyarta ta kan fi gefunanta tudu, da lambatu dama da hagu, da kwalbati a inda ruwa ke tsallakewa. Tun gyaran da aka yi a 1976, aikin ƙananan hanyoyi da En'e ta ke yi a da ya koma hannun ƙaramar hukuma. Duk da haka Hakimi ya fi kowa sanin ƙasarsa, maganarsa kuma tana da nauyi.

Malamin Hakimi ya buɗe littafi musamman. Duk inda mota ta kafe, ya rubuta sunan wurin, da ranar, da irin motar, da sa'o'in da ta yi, da abin da ya jawo, ko kwalbati ce ta toshe ko gefen hanya ya zaizaye. Ba a daɗewa za a ga wurare kaɗan ne su ke ta maimaituwa. Da kaka sai Hakimi ya aika da wannan lissafi ga ƙaramar hukuma, domin a zuba burji tun da rani.

Kafin ruwan fari, Dagatai da Masu Unguwa su kira gayya a yashe lambatu, a hana zuba shara a ciki, a kuma hana manoma cin gefen hanya da garma. Babbar mota guda in ta bi hanya tana ɗanya, ta kan ɓata ta har ƙarshen damina. A Kamaru a kan sa shinge a tsai da manyan motoci bayan ruwa har hanya ta sha iska. Hakimi yana iya ba hukuma shawarar yin haka.

Akwai kuma maganar kuɗin turi. Ba laifi direba ya yi wa masu taimako alheri, amma Hakimi ya tsawata wa samarin da su ke tsuga kuɗi ga wanda ya shiga wahala, balle mai ɗauke da majiyyaci. Garin da ya yi suna da wannan hali, direbobi su kan guje shi, kasuwarsa kuma ta mutu.

Mai zurfin ido da wuri ya kan fara kuka. Hanyar damina da rani a ke gyara ta.