Yadda Ake Lissafin Sa'o'in Tafiyar Jirgin Sama Kafin a Tashi

Duk wanda ya iya raba lamba zai iya kintata sa'o'in da jirgi zai yi a sama, kuma ya kamata matafiyi ya yi wannan lissafi da kansa. Fara da neman nisan da ke tsakanin filayen jirgin biyu. Kowane fili yana da haruffa uku da aka san shi da su: KAN na Malam Aminu Kano, JED na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Sa su a manhajar auna nisa, za ka ga wajen kilomita 3,400. Kada ka auna a taswirar bango, domin duniya dunƙulalliya ce, hanya mafi kusa a lanƙwashe take fitowa a takarda. Shi ya sa jirgin Landan zuwa Los Angeles yake ratsa samaniyar Girinlan. In da mil na teku aka ba ka nisan, ninka shi da 1.852 ya koma kilomita.

Daga nan sai ka raba nisan da 850, wato kusan kilomitocin da babban jirgin fasinja ke ci a awa guda in ya daidaita a sama, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka. Kano zuwa Jidda ya zama awa huɗu da rabi ke nan. Amma kada ka tsaya nan, domin akwai iska. A can sama, musamman a yankunan da ke nesa da tsakiyar duniya, wata iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura mai zuwa gabas, tana danne mai zuwa yamma. Tsakanin New York da Landan kilomita 5,500 ne da 'yan kai, amma zuwa Landan wajen awa bakwai ne, dawowa kuwa kusan takwas. Sannan ka bincika ko hanyar a buɗe take. Tun da aka rufe wa jiragen Turai samaniyar Rasha a 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kusan awa tara zuwa wajen sha uku. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 shi ma ya sa jiragen alhazanmu kewaye.

Wani zai ce ai tikiti ya riga ya faɗi komai. To, a nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin lokacin tashi da na sauka kowanne da agogon garinsa ake rubuta shi. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe goma na dare ya yi awa huɗu da rabi zai sauka ƙarfe huɗu da rabi na asuba agogon Jidda, wanda ya debe wannan daga wancan kuwa sai ya zaci awa shida da rabi aka yi. Ga mai ciwon suga da ke shan magani a kan lokaci, ko mai canza jirgi a Alƙahira, wannan kuskure ba ƙarami ba ne. Saboda haka mayar da lokutan biyu zuwa agogo ɗaya kafin ka debe. In abin da ya fito ya ɗara lissafinka da awa biyu ko fiye, tambayi mai sayar da tikitin ko jirgin zai yada zango a hanya.