Laburaren da Ake Aron Guduma

A garin Berkeley, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai wani laburare na hukumar gari. Idan ka shiga wani sashe nasa, ba littattafai za ka tarar ba. Abin da ke rataye a bango guduma ce da zarto da filaya da sifana. A ƙasa ga tsani, ga baro, ga shebur da manjagara, har da injin huda bango. Duk na aro ne, kuma ba a biyan ko sisi.

An buɗe sashen a shekarar 1979 da tallafin dala 30,000 daga gwamnatin tarayya. An fara da kayan aiki kusan 500. Yau sun haura 3,000. Amma ba Berkeley ce ta fara ba. Tun 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, laburaren garin Grosse Pointe a jihar Michigan ya soma ba da aron kayan aiki.

Me ya sa mutum zai ari abin da zai iya saya? Dubi tsani. Magidanci yana bukatarsa ranar da rufi ya fara yoyo, ko ranar da zai shafa fenti. Sauran kwanakin shekara yana jingine a bayan ɗaki, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. An kashe kuɗi, an tare wuri, ga tsatsa tana ci. Kafinta da birkila dole su mallaki nasu, domin da su suke neman abinci kullum. Mai gyaran ƙofa sau ɗaya a shekara kuwa, sayen injin dominta asara ce. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wannan gaskiya ne ga zane. Amma tsanin aro yana kai mutum kan rufi daidai da na saye.

Ga yadda ake yi a Berkeley. Mai aro sai ya kai shekara 18, kuma ya zama mazaunin garin ko mai gida a cikinsa. Zai nuna katin shaida da takardar da ke ɗauke da adireshinsa, ya sa hannu cewa ya yarda da ƙa'idoji. Ma'aikaci zai rubuta abin da ya ɗauka da ranar da zai mayar. Wanda ya ɓatar da kaya zai biya. Ana son a mayar da abu a goge, ba da laka ko busasshen siminti a jikinsa ba.

Wannan rubutu da sa rana su ne ƙashin bayan tsarin. Kowa ya san aron maƙwabta: gatari ya fita daga gida, wanda ya ara ya ara wa wani, mai shi yana jin nauyin tambaya, daga nan zumunci ya fara tsami. A laburare babu jin nauyi, domin kayan na jama'a ne, kuma takarda ba ta mantuwa. Akwai kuma ma'aikata masu wasa zarto da gyara abin da ya lalace. Da yawansu sun san aikin hannu. Idan ka ce famfonka ke zuba, za su nuna maka sifanar da ta dace da yadda ake riƙe ta.

Garin Oakland yana maƙwabtaka da Berkeley. A watan Oktoba na 1991 gobara ta tashi a tsaunukansa, ta ci gidaje kusan 3,000, mutum 25 suka rasu. Masu sake gini sun bukaci kayan aiki, kuma wannan bukata na cikin abin da ya haifar da sashen aro a laburaren unguwar Temescal, wanda aka buɗe a 2000. Daga baya Toronto ta Kanada ta samu nata a 2013, Edinburgh ta Birtaniya a 2015. Waɗannan biyun ƙungiyoyin sa kai ne suka kafa su, ba hukuma ba, don haka mamba yana biyan ɗan kuɗi a shekara kafin ya fara aro.