Darasin Kiwon Kifi: Abin da Ke Lanƙwasa Bayan Tarwaɗa

'Yan'uwa manoma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada sun saba da kifi. Amma kifin Tiga shi ke nemo abincinsa: ƙwari, tsutsa, gansakuka da ƙananan kifaye. Wanda muka zuba a tankin siminti ko na roba kuwa, ba shi da kome sai abin da muka watsa masa. In abincin ya rasa bitamin, kifin ma ya rasa.

Me ya sa bitamin C ya fi muhimmanci?

Akuya da kaza jikinsu yana yin bitamin C da kansa. Tarwaɗa da karfasa ba sa iyawa, sai sun ci. Shi ne ke ƙarfafa ƙashi da fata, yana kuma sa rauni ya warke.

Alamun rashinsa:
1. Bayan kifi ya lanƙwashe.
2. Ƙashin kan tarwaɗa ya tsage, a ga jan layi.
3. Rauni ya ƙi warkewa.
4. Kifi ya rage ci, girma ya tsaya.

Rashin bitamin A yana ɓata ido. Mai da ya yi ɗoyi a tsohuwar tunkuza yana cinye bitamin E. Amma ku lura, ruwa mai datti ma yana hana kifi ci. Ku duba ruwa tukuna.

Ina bitamin yake tafiya?

Zafi da laima da daɗewa suna kashe bitamin C. Buhun da ya sha zafin bazara a ƙarƙashin kwano, ko laimar damina irin ta Doguwa, yana nan da nauyinsa amma amfaninsa ya ragu. Dusa da tunkuza kaɗai ba su isa ba.

Abin da ƙungiya za ta yi:
1. Ku haɗa kuɗi ku sayi abin da zai ƙare cikin wata 2 ko 3 kawai. Ku duba ranar da aka yi shi.
2. Ku ɗora buhuna a kan katako, a ɗaki mai sanyi, nesa da bango.
3. Tsohon buhu a fara buɗewa. Wanda ya yi fumfuna a zubar.
4. Masu haɗa abinci a gida su sa garin bitamin na kifi, bisa awon da aka rubuta a jikin leda.

Kifin da ya riga ya lanƙwashe ba zai miƙe ba, mai saye kuma zai karya masa farashi. Rigakafi ya fi magani.

Tambaya don taronku: Buhun da ke ɗakin ajiyarku, yaushe aka yi shi, wa ke rubuta ranar?