Ranar da Sensa Ta Yi Mini Ƙarya

Aikin kammala difloma ɗina daga gidanmu na Giginyu ya samo asali. Muna da bohol da tanki a sama, kuma kullum sai an manta injin sumo a kunne har ruwa ya malale tsakar gida. Sai na haɗa Arduino da sensar HC-SR04, mai auna nisa da amon sauti, da rile mai kunna inji. Umarnin duka na zuba su wuri guda.

Sati biyu abu na tafiya lafiya. Ran nan cikin zafin Afrilu, gumin ruwa ya taru a fuskar sensar, ta riƙa cewa tanki babu komai. Inji ya yi ta aiki har ruwa ya jiƙe katangar maƙwabcinmu. Baba bai ce komai ba, fulogi kawai ya zare.

A nan na gane cewa matsalar daga tsarin ginin manhajar take. Na'urar da ke taɓa duniyar zahiri dole a raba mata aiki. Akwai tsarin da kamfanin IBM ya fito da shi a farkon shekarun 2000, ana kiransa MAPE-K: lura, nazari, shiri, aiwatarwa, duka suna dogara da bayanan da aka adana.

Ga yadda na sake gini. Sashen lura yana karanta sensa sau 10 ya ɗauki na tsakiya. Sashen nazari yana tambaya: inji ya yi minti 15 yana aiki amma ruwa bai ƙaru ba? To ko sensa ta rikice, ko rijiya ta ƙafe. Sashen shiri ke yanke hukunci: a kunna a kashi 30, a kashe a kashi 90, don kada rile ya riƙa kunnawa da kashewa har inji ya ƙone. Sashen aiwatarwa shi kaɗai ke taɓa rile. Idan aka samu shakka, dokar ɗaya ce: kashe inji, kunna jar fitila.

Da na canza sensar zuwa mai yawo a kan ruwa, sashe ɗaya kawai na gyara.

'Yan uwa masu shirin furojet, kafin ku rubuta layi ɗaya, ku zana a takarda: wa ke ji, wa ke tunani, wa ke aiki, kuma me zai faru ranar da sensa ta yi ƙarya?