Sayen Gida Domin Haya: Bambancin Cinikin Ajali Da Bashin Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako yana kan mutumin da ya ɗan tara abin hannu, yana nufin ya sayi gida ya zuba 'yan haya, amma kuɗinsa ba su kai ba. Neman arziki ta wannan hanya halal ne. Wurin da ƙafa takan zame shi ne wajen neman cikon kuɗin.

Mu ƙaddara gida ne na naira miliyan 20, shi kuwa yana da miliyan 8. In ya ranci miliyan 12 bisa sharaɗin zai mayar da miliyan 17 bayan shekara 5, to wannan riba ce, wato kuɗin ruwa, wadda aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta rarrabe tsakaninta da ciniki. Amma in mai kuɗi ya sayi gidan ya mallake shi, sa'an nan ya sayar masa a kan miliyan 25, ya karɓi miliyan 8 hannu da hannu, sauran a biya kashi-kashi, wannan cinikin ajali ne, kuma jumhurin malamai sun halatta shi.

Wani zai ce, ai duk miliyan 5 ce ta ƙaru, ina bambancin? Bambancin shi ne, mai ba da rance kuɗi ya bayar, kuɗi suka haifar masa, ko gidan ya rushe babu ruwansa. Mai sayarwa kuwa sai da gidan ya shiga mulkinsa, asara ta hau wuyansa in ta auku, tukuna ya ci ribarsa. Sa'an nan farashin ciniki in an yanke shi ya yanku, bashin ruwa kuwa kullum ƙaruwa yake yi muddin an jinkirta.

Saboda haka akwai sharuɗɗa. Na farko, kada a ƙulla cinikin sai mai sayarwa ya mallaki gidan, domin Annabi (S.A.W.) ya hana Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya wurinsa. Malaman Malikiyya sun tsananta ƙwarai a nan, don tsoron kada a yi wa riba rigar ciniki. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta wannan ciniki na murabaha in an mallaki hajar an kuma karɓe ta. Na biyu, a yanke farashi ɗaya da ajali sananne kafin a tashi. Na uku, kada a ƙara wa mai saye ko kwabo don ya makara, kamar yadda majalisar ta tabbatar a Jidda a 1990. A Nijeriya akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012. Duk da haka wajibi ne mutum ya karanta takardar yarjejeniya, ko ya kai wa masani, domin hukunci yana bin abin da aka ƙulla ne, ba sunan da aka kira shi ba.

Akwai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, wato jingina. Mutum yakan ba da rance, ya riƙe gidan mai bashi yana karɓar kuɗin haya har ranar biya, sa'an nan ya karɓi kuɗinsa cif. Riƙe jingina halal ne, amma cin amfaninta saboda rance riba ce, ko da mai gidan ya ce ya yarda. Kuɗin hayan na mai gida ne, sai dai a riƙa cire su daga bashin.

Bayan tsarkin kuɗi sai tsarkin abin saye. A binciki asalin gidan: in na gado ne, an raba? Akwai rabon marayu ko na mata a ciki? In tarayya ce da ba a raba ba, abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya farashin ya karɓe rabon da aka sayar. Dokar Filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta, don haka sauya hannun fili mai takardar mallaka ta gwamnati yana bukatar amincewarsa. A rubuta ciniki, a kafa shaidu, yadda aya ta 282 ta wannan sura ta shiryar.

Daga ƙarshe, gidan haya shi kansa babu zakka a kansa. Zakka tana kan kuɗin hayan ne, in sun kai nisabi, su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗin mai su, shekara kuma ta zagayo a kansu.

Wanda bai sami hanya mai tsarki ba, ya yi haƙuri ya fara da ɗan fili daidai ƙarfinsa, ko ya haɗa jari da amintacce, su raba haya gwargwadon rabon kowa. Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haram, amin.