Ki Kai Littafinki Inda Mata Suke Zama

'Yar'uwa marubuciya a Dakoro, idan littafinki na soyayya ya fito daga maɗaba'a, kada ki jibge shi a shago ki koma gida kina jiran masu saye. Ɗauki guda biyar ki nufi zaman Mata Masu Dubara na unguwarku. Tun 1991 aka kafa wannan tsari a jihar Maradi. Duk mako mata na haɗuwa su zuba kuɗi a asusu, kuma bayan an rufe akwati hira takan ɓarke. Nan ne wurinki.

Fara da gaida shugabar ƙungiya, ki nemi izininta tun kafin ranar. Da yawa cikinsu Faransanci suka koya a makaranta, wasu ba su shiga aji ba, don haka ki karanta musu da bakinki. Babi ɗaya ya isa, ki tsaya daidai inda rai ke son jin ci gaba. Sannan ki yi shiru ki saurara. Idan wata ta ce uwar mijin nan ba haka za ta yi magana ba, rubuta ki ajiye, gyara ne kyauta.

A Amurka ma, baƙaƙen mata masu taruwa don karatu sun taimaka wajen yaɗa littafin marubuciya Terry McMillan na 1992, wannan ta gaya wa waccan.

Bar wa matan ƙungiyar littafi guda a hannun ma'ajiya, a riƙa aro. Mai son nata ta biya kaɗan-kaɗan, kada ki matsa mata.