Tuƙin Mota a kan Ƙanƙara: Nazari daga Lardin Kwibek na Kanada

1.0 Gabatarwa

A Hausa, kalmar "ƙanƙara" ta tattaro wadda ke zubowa tare da ruwan sama, da dusar ƙanƙara, da ruwan da ya daskare. Ga direba a Kanada kuwa, rarrabe su lamari ne da ya shafi rai. Wannan maƙala ta duba yadda ake tunkarar matsalar a lardin Kwibek.

2.0 Tushen Haɗarin

Dusar ƙanƙara fara ce, ana hango ta, direba ya shiga taitayinsa. Wadda ta fi haɗari ita ce siririyar ƙanƙara mai garai-garai da ke lulluɓe kwalta, har ido ya kasa bambanta ta da titi. Gadoji take fara kamawa, domin iska mai sanyi tana bugun su ta sama da ta ƙasa. A kanta, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yakan kai ninki goma na wanda take ci a busasshen titi.

3.0 Matakan Kariya

Tun shekarar 2008 Kwibek ta wajabta sanya tayoyin hunturu, kuma wa'adin yanzu yana farawa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Robar waɗannan tayoyi ba ta ƙandarewa da sanyi, saboda haka takan kama titi. Sai dai taya ba ta isarwa idan babu natsuwa. Ana buƙatar direba ya rage gudu, ya bar tazara mai yawa, ya riƙa taka totur da birki sannu-sannu. Idan bayan mota ya zame, sai ya sassauta totur, ya karkata sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, ba tare da danne birki ba.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne mai fassara ƙa'idojin tuƙi zuwa Hausa ya fayyace nau'in ƙanƙarar da ake nufi, domin barin kalmar a dunƙule yana iya ɓoye wa direba haɗarin da ya fi muni.